Kainuwa Dashen Wa?

Basakkwace in ya ga tsiro yana yawo a kan tafki ko a gefen Gulbin Rima, sai ya ce kainuwa dashen Allah. Maganar ta dace da kainuwarmu ta gado. Sai dai wasu ciyayin ruwa da suka addabi duniya a ƙarnin da ya shige, mutum ne ya ɗauko su da hannunsa, kuma don ƙawa.

Masu nutso a tekuna masu ɗumi sun san gansakukar da masana ke kira Valonia ventricosa. Koriya ce shar, mulmulalliya, tana ƙyalli kamar gilashi a tsakanin duwatsun murjani. Kowace ɗaya ƙwayar halitta guda ce tak, amma faɗinta kan kai santimita 5. A teku ba ta dame kowa ba. Da aka fara kwaso waɗannan duwatsu ana ƙawata akwatunan gilashi na kifin ado, sai ta biyo su a ɓoye. In ta fashe, abin da ke cikinta kan tsiro da sababbi, har su mamaye akwatin.

Ita ɓarnarta ta tsaya a ɗaki. Wata gansakukar, Caulerpa taxifolia, ta fita waje. An yi ta renon ta a gidajen nunin kifaye na Turai, sai a 1984 aka gan ta a Bahar Rum, daura da gidan nunin halittun teku na Monako, a fili kamar murabba'in mita ɗaya. Zuwa ƙarshen shekarar 2000 ta lulluɓe dubban hekta a gaɓar ƙasashe shida.

Gansakukar teku ba ta rayuwa a ruwan gulbi, don haka Rima ta tsira daga waɗannan biyun. Wadda ta shafe mu ita ce baƙuwar kainuwa mai fure shunayya, Eichhornia crassipes, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda kyan furenta ya sa aka yi ta kai ta tafkunan lambu ƙasa-ƙasa. A 1984 ta shigo Nijeriya ta ruwan Badagiri daga Jamhuriyar Benin. A shekarun 1990 ta cika Tafkin Kainji, tana tare hanyar kwale-kwale, tana lalata tarun masunta.

Gulbin da ya wuce ta Sakkwato, ya bi ta Argungu, yana faɗawa Kogin Kwara ne a sama da Kainji.