Mutumin da Ya Faɗa Rijiya: Tarihin Wani Misali

Akwai wani misali da masu wa'azi suke so ƙwarai, da wuya kuwa mutum ya girma a ƙasashenmu bai taɓa jinsa ba, ko a majami'a, ko a bakin malami a dandali. Wai wani mutum ne zaki ya biyo shi a daji. Yana cikin gudu sai ya faɗa wata tsohuwar rijiya, amma hannunsa ya cafke wata saiwa da ta fito daga jikin bangon, ya rataya a nan. Ya duba ƙasa, ga ƙaton maciji ya wangale baki yana jira. Ya ɗaga kai, ga zaki a bakin rijiya. Can sai ya ga ɓeraye biyu, fari da baƙi, suna ta gaigayar saiwar da yake riƙe da ita. Ana haka sai zuma ta ɗigo daga wata saƙa a bisa kansa. Ya miƙa harshe ya lasa, ya ji zaƙi, ya sāke lasa, har ya manta da zaki da maciji da ɓerayen duka. Sa'an nan mai wa'azi ya fassara: zaki mutuwa ce, saiwa kwanakin mutum ne, ɓeraye biyu dare da rana, zuma kuwa daɗin duniya.

Misalin nan ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, ba kuma Kirista ne ya fara ba da shi ba. Daga Indiya ya fito. Yana cikin Mahabharata, babban littafin Hindu, inda wani mai hikima da ake kira Vidura ya ba da shi ga wani makahon sarki wanda 'ya'yansa suka ƙare a yaƙi. A can ba zaki ba ne a bakin rijiya, wata giwa ce mai fuska shida da ƙafa goma sha biyu, wato shekara ke nan, da lokatanta shida bisa ga lissafin Indiyawa da watanninta goma sha biyu. A ƙarni na 6, zamanin Kisra Anushirwan wanda ya yi sarautar Farisa daga 531 zuwa 579, wani likita mai suna Barzawaihi ya kawo tatsuniyoyin dabbobi daga Indiya, ya juya su cikin harshen Farisa, ya sa tarihin kansa a gaba, ya rufe tarihin da misalin rijiya. Wajen shekara ta 750 Ibnul Muƙaffa ya mai da littafin cikin Larabci. Shi ne Kalila wa Dimna, wanda malamanmu suka sani, yana kuma cikin littattafan da Abubakar Imam ya ɗebi labaru daga cikinsu sa'ad da yake rubuta Magana Jari Ce.

Amma ta wata ƙofa dabam misalin ya shiga ikkilisiya, ita ce kuwa abin mamakin. A ƙarni na 8 akwai wani littafin Larabci mai suna Bilauhar wa Budasaf. Labari ne na ɗan sarkin Indiya wanda masu duba suka ce zai rabu da duniya. Ubansa ya kulle shi a fāda domin kada ya ga ciwo, ko tsufa, ko mutuwa. Wata rana ya fita, ya gamu da marasa lafiya, ya gamu da tsoho tukuf, ya tambaya, aka ce masa haka ƙarshen kowa yake. Hankalinsa ya tashi, sai wani mai zuhudu ya zo ya koya masa hanya da misalai, har da na rijiya. Wanda ya san addinan Gabas zai gane nan da nan, labarin Buddha ne. Sunan ma nasa ne: Budasaf daga Bodhisattva ya fito, laƙabin da ake ba Buddha kafin ya kai matsayinsa. Duk wanda ya yi karatun allo ya san abin da ya raba ba da ya a farkon kalma, ɗigo ɗaya ne a ƙasa. Wani mai kwafi ya ƙara ɗigo, Budasaf ya zama Yudasaf.

Kiristocin ƙasar Jojiya, can a duwatsun Kafkas, su ne suka ɗauki littafin suka sa masa rigar Kirista wajen ƙarni na 9 ko na 10. Daga harshensu aka juya shi cikin Helenanci. An daɗe ana cewa Yahaya na Dimashƙu ne ya rubuta shi, amma yawancin masana yanzu sun tsaya a kan Euthymius, mutumin Jojiya, shugaban wani gidan zuhudu a Dutsen Atos na ƙasar Girka, wanda ya rasu a 1028. A 1048 aka yi fassarar Latin a Kustantiniya. Malamin ya zama Barlam, ɗan sarkin kuwa Yosafat. Haka Littafi Mai Tsarki na Latin yake rubuta sunan Yehoshafat sarkin Yahuza, saboda haka sunan bai zama baƙo a kunnen kowa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka suna kaɗai aka canja. Barlam ya shiga fāda ne da kamannin ɗan kasuwa mai dutse mai daraja, ya fara koyarwarsa da misalin mai shuka, ya bi da labarin halitta, da fāɗuwar mutum, da gicciye, da tashin matattu, ya yi wa ɗan sarkin baftisma. Marubucin ya zuba koyarwar iyayen ikkilisiya a ciki har ta kusa rinjayar labarin. Wani abu ma ya ɓuya a ciki shekaru ɗaruruwa ba wanda ya lura. A 1889 Rendel Harris ya sami fassarar Suriyanci ta wata takarda da aka ɗauka ta ɓace, a gidan zuhudu na Dutsen Sina'i. Takardar da Aristides na Atina ya rubuta wa sarkin Roma ce a ƙarni na 2, yana kāre bangaskiyar Kirista. Da Armitage Robinson ya karanta, sai ya gane ita ce jawabin da wani mutum ya yi a gaban sarki a cikin labarin Barlam, kusan kalma da kalma.

Lokacin da misalin rijiya ya yi ƙarfi a Turai shi ne ƙarni na 13, akwai kuwa dalili. Birane suna girma, jama'a ba su jin Latin, firistocin ƙauye da yawa ba su iya wa'azi ba. A 1215 babban taron ikkilisiya a Roma ya umarci bishop-bishop su naɗa masu wa'azi. A 1216 aka amince da ƙungiyar Dominic, wadda aikinta ke nan. Mutanen nan suka shiga kasuwanni da ƙofofin birni, suka tarar da abin da kowane mai bishara ya sani: kunne yana gajiya. Wani mai zuhudu a Jamus, Caesarius na Heisterbach, ya rubuta wajen 1220 cewa shugaban gidansu, Gevard, yana wa'azi wata rana sai ya ga 'yan'uwa suna gyangyaɗi, waɗansu har da minshari. Ya tsaya, ya ɗaga murya ya ce zai ba su labarin wani sarki mai suna Arthur. Nan take kowa ya wartsake. Sai ya tsawata musu, ya ce da yana zancen Allah barci suke yi, da ya ambaci tatsuniya duk sun miƙa kunne. Shekara ɗari takwas ke nan, amma fastocinmu za su gane majami'ar.

Saboda haka aka shiga tara labaru don masu wa'azi. Wanda ya fi suna a wannan aiki shi ne Jacques de Vitry, Bafaranshe, wanda ya zama bishop na Akka a ƙasar Falasɗinu a 1216, ya rasu a 1240. Ra'ayinsa shi ne, hujja mai zurfi ta masu ilimi ce, talaka kuwa misali ne ke taɓa zuciyarsa. Ya shirya wa'azi dabam dabam domin manoma, da 'yan kasuwa, da matuƙan jirgin ruwa, da gwauraye, ya cika su da labaru. Da aka tattara su aka buga a 1890 sun kai 314, misalin rijiya yana ciki. A wurinsa ba giwa ba ce, ba zaki ba, wata dabba ce ta almara mai ƙaho ɗaya a goshi, kamar yadda littafin Helenanci ya ce. Wajen 1260 Jacobus de Voragine ya sa labarin Barlam cikin littafinsa na tarihin tsarkaka, wanda kwafinsa na hannu fiye da dubu suka wanzu har yau. A birnin Parma na Italiya an sassaƙa misalin a dutse bisa ƙofar ɗakin baftisma da aka fara ginawa a 1196: saurayi a kan itace yana miƙa hannu ga saƙar zuma, dodo a ƙasa yana hura wuta, rana da wata a gefe biyu. Afirka ma ba a bar ta a baya ba, gama a 1553 Enbaƙom, mutumin Yemen wanda ya karɓi baftisma ya zama shugaban gidan zuhudu na Debre Libanos, ya juya littafin daga Larabci zuwa Ge'ez, harshen ikkilisiyar Habasha.

To, aron da aka yi laifi ne? A ganina ba laifi ba ne. Annabi Natan ya je wurin Dawuda da labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa, ba wanda ya tambaye shi sunan garin matalaucin (2 Sama'ila 12). Yotam ya sa itatuwa sun yi magana. Ubangiji kansa ya ɗauki misalansa daga gona da kasuwa da gidan biki. Bulus ya ari maganar mawaƙan Helenawa a Atina. Dare da rana suna cin kwanakin Bahindu kamar yadda suke cin na Kirista, wanda ya fara lura da haka kuwa gaskiya ya gani. Mai sauraro ya san ba a taɓa yin rijiyar ba, bai kuma ruɗu ba.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne wurin ɗan sarkin. Labarin da aka shirya don ya ɗauki misalai, sai aka mai da shi tarihi. Barlam da Yosafat suka shiga jerin tsarkaka: Helenawa suka ba Yosafat ranar 26 ga Agusta, littafin tsarkaka na Roma na 1583 ya sa su biyu a 27 ga Nuwamba. A 1571 shugaban Benis ya aika wa sarkin Fotugal kyautar ƙashi, wai na Yosafat ne, ƙashin ya ƙare a wata majami'a a Antwerp. Wajen 1612 Diogo do Couto, marubucin tarihi na Fotugal wanda ya zauna a Indiya, ya lura labarin Buddha da na Yosafat ɗaya ne, amma ya juya abin, ya ce Indiyawa ne suka ɓata tarihin waliyyin Kirista. Sai a 1859 da 1860 Laboulaye a Faransa da Liebrecht a Jamus suka nuna wanda ya riga wani. Masu ba'a ga bangaskiya suka sami abin dariya, ba su kuwa daina ba har yau. Littafin tsarkaka na Roma da aka sabunta ya bar sunayen biyu.

Wannan tuntuɓe bai yi nisa da mumbarinmu ba. Mai wa'azi ya karanta labari a littafin misalai, ya zo ranar Lahadi ya ce abin ya faru da wani ɗan'uwa a wani gari shekaran jiya. Jama'a su yi kuka. Bayan wata biyu baƙon fasto ya zo ya ba da labarin nan, ya ce a garinsu ya faru. Saurayin da yake zaune a baya ya ji duka biyu. Mako mai zuwa za a faɗa masa kabarin Yesu ba kowa a ciki, da muryar nan kuma za a faɗa. Jacques de Vitry, duk da yawan labarunsa, yakan nuna inda ya samo su: wannan na ji, wannan na karanta, wannan na tuna.

Akwai kuma abin da misalin kansa ya rasa, wato igiya. Yana nuna halin da mutum yake ciki sarai, amma ya bar shi rataye. Shi ya sa ya zauna daidai a bakin Bahindu da Musulmi da Kirista, kowa ya ƙara maganin da ya sani. Barzawaihi ya zaɓi ya rabu da duniya ya yi aikin kirki. Barlam ya bi da bishara. Wanda bai ƙara kome ba, tsoro kaɗai ya raba wa jama'a. Leo Tolstoy, babban marubucin Rasha, ya ba da misalin nan a littafin da ya rubuta wajen 1880 a kan damuwar ransa. Yana da suna, da dukiya, da iyali, amma ya ce zuma biyu da yake lasa, wato iyalinsa da rubutunsa, sun daina yi masa zaƙi, ba ya ganin kome sai dodon da ɓerayen. Har ya ɓoye igiya daga ɗakinsa, ya daina fita farauta da bindiga, don tsoron abin da zai yi wa kansa. Misalin ya gaya masa gaskiya, bai fitar da shi ba. Abin da ya fara kwantar masa da rai, in ji shi, bangaskiyar manoman da ke kewaye da shi ce, waɗanda yawancinsu ba su iya karatu ba.

Littafi Mai Tsarki yana da tasa rijiyar, a Irmiya 38, ita kuwa an san sunan mai ita da birnin da take. Sa'ad da Babilawa suka kewaye Urushalima, fādawan Zadakiya suka jefa annabi Irmiya cikin rijiyar Malkiya, wadda ba ruwa sai laka, ya nutse a ciki. Ebed-melek, mutumin Kush, baban fāda, ya tafi wurin sarki a Ƙofar Biliyaminu ya yi magana a fili. Sarki ya ba shi mutane. Kafin su tafi sai ya biya ta ɗakin ajiya ya kwaso tsummoki da tsofaffin tufafi, ya zura su da igiya, ya ce wa annabin ya sa su a hamatarsa don kada igiyar ta yanke shi. Suka jawo shi. Irmiya ya zauna a farfajiyar matsara har ranar da aka ci birnin.