Daga Sunan Maguzawa zuwa Horon Masu Sulhu a Kudancin Katsina

Wanda ya so ya fahimci zaman Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba a kudancin Katsina, watau daga Malumfashi da Ƙanƙara har Faskari da Sabuwa, ya kyautu ya fara da kalmar Bamaguje. Galibin masana sun tafi a kan cewa asalinta Majusu ne na Larabci. A fiƙihun Malikiyya ana karɓar jiziya daga Majusawa a bar su da addininsu. To, da aka laƙa wa manoma masu tsafi wannan suna, sai shari'a ta sama musu gurbi: su biya, su yi nomansu, su ci kasuwa ɗaya da Musulmi. Wannan ba daidaito ba ne, gama ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa. Amma fa zama ne mai ƙa'ida, wanda yaro ya ke koya a gida ba tare da malami ba.

Zuwan mishan ya dagula wannan lissafi. Likita Miller ya zauna a Zariya tun 1905, aka mai da mishan Wusasa a 1929, Littafi Mai Tsarki kuma ya fito da Hausa a 1932. Masu fassara ba su sami wata rijiya da za su ɗebi kalmomi ba sai ta Musulunci: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, addu'a. Inda aka rabu shi ne a suna, Musulmi na cewa Isa, Kirista na cewa Yesu. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana taƙaita wa'azin mishan a ƙasashen sarakuna, sai a shekarun 1930 aka buɗe musu ƙofa ta wajen jinyar kutare, kamar a Babbar Ruga. Sannu a hankali waɗansu Maguzawa suka musulunta, waɗansu suka shiga coci. Sai ga Bahaushe Kirista, mutumin da tsohon tsari bai tanadar wa suna ba. Wanda ya rasa abin kiransa ya kan ce arne, kalmar kuwa zagi ce.

Horo na musamman ya zo ne a makare, daga ɓangare ɗaya kuma. A 1959 ikilisiyoyi suka kafa wani shiri na koya wa fastoci sanin Musulunci, wanda aka sake wa suna PROCMURA a 1987. Ya yi amfani, sai dai Kirista ne ke koya wa Kirista labarin maƙwabcinsa.

A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a kwalejin horon malamai ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, garin da mutanen Sabuwa da Faskari su ke kai amfanin gonarsu. Aka ƙone coci-coci. Bayan faɗan Zangon Kataf na 1992, wanda ya fantsama Kaduna, Fasto James Wuye ya rasa hannu, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa biyu. Su biyun nan, da su ke jagorancin matasa masu gaba da juna, suka haɗu a 1995 suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna. Abin da ya bambanta horonsu da na 1959 shi ne liman da fasto su ke tsayawa tare gaban ɗalibai, kowa ya kawo hujjar yafiya daga littafinsa. Da hannunsu cikin yarjejeniyar zaman lafiya da shugabannin addini 22 suka sa wa hannu a Kaduna a watan Agusta na 2002.

Aibin irin wannan horo shi ne ya fi zama a birane, ƙauye kuwa sai dai labari. A 2023 aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko na Katolika a Katsina, abin da ya nuna Bahaushe Kirista ya sami suna a fili. Amma kafin nan masifar yankin ta sake kama. Sulhun da Gwamna Masari ya je yi a Sabuwa da Faskari a 2019 da 'yan bindiga ya yi shi, ɗalibai fiye da 300 da aka sace a Ƙanƙara a Disamba 2020 kuwa ba a tambaye su addininsu ba.