Faran na Gini da ugiyar Muritaniya: tarihin kuɗi biyu da suka fita daga sefa

Gini da Muritaniya duk sun taɓa amfani da kuɗin sefa kafin kowace ta buga nata, kuma har yau ba su koma ba. Mali ta fita a 1962, ta dawo a 1984. Yanzu da ake maganar sabon kuɗi a Nijar, Mali da Burkina Faso, tarihin canjin waɗannan kuɗi biyu ya zama abin dubawa, domin hanya ɗaya suka ɗauko amma ba wuri ɗaya suka sauka ba.

Gini ce ta fara. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 ta ƙi shiga ƙawancen da Janar de Gaulle ya kawo, ta samu 'yanci ranar 2 ga Oktoba a ƙarƙashin Ahmed Sékou Touré. Ranar 1 ga Maris 1960 ta kafa babban bankinta, ta fito da faran nata, ɗaya daidai da sefa ɗaya. Faransa ba ta bar abin haka ba: jami'an leƙen asirinta sun buga jabun takardun kuɗin Gini suka watsa a ƙasar, kamar yadda wasu tsofaffin jami'an Faransa suka faɗa da bakinsu daga baya.

A farkon shekarun 1970 aka maye gurbin faran da sili, wato giwa a harshen Susu, alamar jam'iyya mai mulki. Sili ɗaya ya tsaya a kan faran 10, aka kasa shi gida 100 da ake kira "cauri", wato wuri, abin da kakanninmu suka yi ciniki da shi. A nan ne matsalar ta yi tsanani. Gwamnati ta ƙayyade farashi da canji, tana kuma buga kuɗi don cike giɓin kasafi. Zuwa 1985, a hukumance dalar Amurka ɗaya tana kusan sili 24, alhali a kasuwar bayan fage sai an ninka haka fiye da sau goma. Manomi ya gwammace ya tsallaka da amfaninsa Senegal ko Kodebuwa ya karɓi sefa.

Bayan rasuwar Sékou Touré a 1984, gwamnatin Lansana Conté ta dawo da sunan faran a farkon 1986, faran ɗaya kan sili ɗaya, tare da karya darajar kuɗin da fiye da kashi 90 cikin 100. Dalar Amurka ta koma sama da faran 300, kusan daidai da sefa a lokacin. Daga nan faɗuwa ta ci gaba: wajen faran 1,750 a shekarar 2000, sama da 5,000 a 2006, kimanin 8,600 a 2024. A wannan shekarar sefa ɗaya tana sayen faran 14 da ɗoriya, duk da cewa ita ma sefar an raba darajarta biyu a Janairun 1994.

Muritaniya ta yi jinkiri, kuma ba ta fita da faɗa irin na Gini ba. Ta samu 'yanci a 1960, ta zauna cikin sefa har 1973, lokacin da Moktar Ould Daddah ya fito da ugiya. Shekara guda bayan haka ya mayar da kamfanin haƙar tama na MIFERMA hannun gwamnati. Sunan kuɗin daga Larabci yake, uƙiya, tsohon ma'aunin nauyi.

Mai lissafi da sefa a Hausance ba zai sha wahalar gane ugiyar farko ba. An tsayar da ita a kan sefa 5, wato dala guda ta kasuwar Maraɗi ko Garwa, aka kasa ta gida biyar da ake kira khoums, humusi ke nan, kowane daidai da sefa ɗaya. Ugiya da ariyarin Madagaska ne kawai kuɗin duniya da ake kasawa biyar maimakon goma ko ɗari.

Ita ma ta faɗi, amma sannu a hankali. Dalar Amurka tana wajen ugiya 45 a tsakiyar shekarun 1970. Fari, yaƙin Yammacin Sahara da bashi suka taru, aka karya darajarta a 1985 da 1992 a ƙarƙashin shirye-shiryen asusun lamuni na duniya, FMI. Zuwa 2000 canjin ya kai kusan 240, a 2017 ya haura 350. Ranar 1 ga Janairu 2018 aka cire sifili ɗaya, tsohuwar ugiya 10 ta zama sabuwa ɗaya, aka kuma fito da takardun roba. Cire sifili ba ya ƙara wa kuɗi ƙarfi, lissafi kawai yake sauƙaƙawa. A 2024 dalar Amurka tana kusan sabuwar ugiya 40, wato 400 a tsohon lissafi. Ugiyar da ta fara a kan sefa 5 ta dawo sefa ɗaya da rabi.

Duk ƙasashen biyu ma'adinai ke kawo musu kuɗin waje, bauxite da zinariya a Gini, tama da zinariya da kifi a Muritaniya, saboda haka ba a nan bambancin yake ba. A ganina ya fi tsayawa kan yawan kuɗin da aka buga, da tsawon shekarun da Gini ta yi tana riƙe canjin hukuma nesa da na kasuwa.

Ɗan kasuwa ko mai aika kuɗi Nuwakshot ya kula da abu ɗaya: mutane da yawa a can har yanzu da tsohuwar ugiya suke faɗin farashi. Alamar tsohuwar a banki MRO ce, ta sabuwar MRU. In an ce maka dubu, tambayi wace ugiya ake nufi kafin ka biya, don ɗaya ta ninka ɗaya sau goma.