Hasashen yanayi da yaƙin dajin Birnin Gwari

Kafin sojojin ƙasa da mayaƙan sama su kai farmakin haɗin gwiwa a dajin Birnin Gwari, tilas ne kwamandoji su san abin da sararin samaniya zai yi. Matuƙin jirgin da bai ga ƙasa ba, ba zai iya kare dakarun da ke ƙasa ba, motar da ta kafe a laka kuwa ta zama abin farauta.

Dajin yana yammacin jihar Kaduna ne. Ya haɗa da Kamuku, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, ya kuma sadu da dajin Kuyambana da dazuzzukan jihohin Zamfara da Neja da Katsina.

A watan Maris na 2018 'yan bindiga sun kashe sojoji 11 a yankin, a watan Mayu kuma suka hallaka mutane da dama a Gwaska. A shekarar ce aka ƙaddamar da shirin Whirl Punch, na sojojin ƙasa da na sama da sauran jami'an tsaro. A 2024 aka ɓullo da shirin Fansan Yamma domin arewa maso yamma baki ɗaya.

Damina da hunturu

Daga watan Mayu zuwa Oktoba, damina tana sauya fasalin dajin. Ciyawa kan fi mutum tsawo, ganye ya rufe sansanoni, kogin Mariga da rafukan da ke zuba a cikinsa su cika su tumbatsa. Hanyoyin burji da ke shiga ƙauyukan Tsohon Birnin Gwari sukan gagari manyan motoci, alhali babur yana iya bin hanyar shanu ya wuce. A nan ne ɗan bindiga ya fi samun sarari.

A sama ma haka abin yake. Hadarin wannan yanki yakan taso daga gabas ya nufi yamma a jere, da iska mai ƙarfi a gabansa, galibi da la'asar ko cikin dare. Gajimare yana toshe na'urorin ɗaukar hoto na jirage marasa matuƙa, har da masu gano ɗumin jiki. Saboda haka abin da kwamanda ke buƙata ya wuce a ce masa za a yi ruwa gobe. Yana son sanin ƙarfe nawa hadarin zai iso, da nisan gajimare daga ƙasa, da kuma ko jirgi mai saukar ungulu zai iya kwaso waɗanda suka ji rauni.

Ranar 21 ga watan Mayun 2021, jirgin rundunar mayaƙan sama ya faɗi kusa da filin jirgin saman Kaduna, inda babban hafsan sojojin ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da wasu mutane 10 suka rasu. Hukumomin soja sun danganta hatsarin da rashin kyawun yanayi.

Da rani ƙasa takan bushe, a ƙone ciyawa, daji ya buɗe. Sai dai kuma hunturu na zuwa da nasa cikas. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi takan haddasa hazon da ba a iya hangen abin da ke nesa da mita 1,000. Sauƙin wannan shi ne ana ganin tasowarta: idan tashar Faya-Largeau ta ba da rahoton ƙura, takan iso arewacin Najeriya cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Irin wannan ƙura na cikin abubuwan da suka wargaza yunƙurin sojojin Amurka na ceto mutanensu da aka yi garkuwa da su a Iran a 1980.

Da bazara kuma, zafi yakan rage nauyin da jirgi mai saukar ungulu ke iya tashi da shi.

Masu hasashen

Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, ita ce ke ba filayen jiragen sama bayanan yanayi, tana kuma fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Tana amfani da hotunan taurarin ɗan adam na Meteosat na ƙasashen Turai. A birnin Yamai akwai cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET masu irin wannan aiki a matakin nahiya da na yanki.

Birnin Gwari na da nisa da teku, amma ruwan da ke sauka a Kamuku daga tekun Atlantika iska ke ɗauko danshinsa. Ɗumin ruwan mashigin tekun Gini, da sauyin El Nino a tekun Pasifik, suna cikin abubuwan da ake aunawa kafin a ce damina za ta sauka da wuri ko za ta makara.

Babban rauni shi ne ƙarancin tashoshin auna yanayi, abin da Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta sha kokawa a kai game da Afirka. Manyan tashoshin da ke kewaye da dajin suna Kaduna da Zariya da Gusau da Minna. Hadarin da ya haɗu a kan Kuyambana, sau da yawa tauraron ɗan adam ne kaɗai ke ganinsa kafin ya zuba.