Tarihin tauraro mai wutsiya da ƙurarsa

Jama'a, a zamanin da in tauraro mai wutsiya ya fito, mutane sukan tsorata, su ce yaƙi ko yunwa na tafe. A shekara ta 1910 wani babba ya bayyana. Har a Turai da Amurka wasu suka toshe ƙofofinsu, wai wutsiyarsa tana da guba. Ya wuce, gubar ba ta taɓa kowa ba.

Sunan wannan tauraro Halley, sunan wani masani na Ingila. A 1705 ya binciki tsofaffin rubuce-rubuce, ya gane cewa tauraron da aka gani a 1531 da 1607 da 1682 guda ne. Yana kewaya rana, yana komowa bayan kamar shekara 76. Ya ce zai dawo a 1758. Masanin ya rasu a 1742, amma tauraron ya dawo yadda ya faɗa.

To, mece ce wutsiyar? Da ya sake zuwa a 1986, ƙasashen Turai suka aika masa wata na'ura mai suna Giotto. Ta matsa kusa da shi, saura kilomita 600, ta ɗauki hotonsa. Ashe dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, baƙi kamar gawayi, tsawonsa wajen kilomita 15. In ya kusanci rana, ƙanƙarar ta zama tururi, tururin ya kwashe ƙura ya fita da ita. Wutsiyar ke nan. Ƙurar nan tana da ƙarfi, don ita ce ta lalata abin ɗaukar hoton na'urar.

Daga nan tauraron ya nufi nesa, inda sanyi ya yi yawa. Masana suka zaci ya yi shiru. Sai ga shi a watan Fabrairu na 1991, wasu masana biyu a ƙasar Shili suka hango shi da babban madubin hangen nesa. Nisansa da rana ya fi kilomita miliyan dubu 2, wato ninki 14 na nisan da ke tsakaninmu da rana. Suka ga ƙura ta lulluɓe shi, faɗinta wajen kilomita dubu 300. Masana da yawa suna ganin iska ce da ta taru cikin ƙanƙarar ta fasa ɓawonsa, kamar tukunyar da aka rufe bisa wuta.

Ƙurar da ya bari a hanyarsa mu ma muna ganinta. Kowace shekara, a farkon watan Mayu da kuma cikin Oktoba, duniya tana ratsa ta. Ƙwayoyinta suna ƙonewa cikin iska, sai mu ce tauraro ya faɗi. Ku duba sama da asuba, ku gani da idonku.

Zai dawo a 2061. Mu koya wa ƴaƴanmu labarinsa tun yanzu, don su tarbe shi da sani, ba da tsoro ba. Allah ya kai su lafiya.