Dutse da Tunga: Tarihin Dajin Ƙasar Rijau

Wanda ya taso daga Kontagora ya nufi Zuru a tsakiyar rani, ya ratsa ƙasar Rijau yana duban gonakin dawa da aka girbe sun miƙe har iyakar ganinsa, ga buhunan gawayi jere a bakin hanya, ga 'yan kaɗanya da ɗorawa tsaitsaye ɗai-ɗai kamar baƙi a cikin gonakin, zai yi wuya ya gaskata dattijon da zai ce masa a nan kakanninsu suka yi farautar ɓauna da gwanki. Alhali kuwa dattijon bai yi ƙarya ba. Abin da ya kamata a ƙara a kan maganarsa shi ne, wannan ƙungurmin daji da ake begensa ba haka yake tun fil'azal ba, shi ma yana da sanadinsa da lokacin haihuwarsa, kuma hannun ɗan Adam ne ya raine shi kamar yadda hannun ɗan Adam ya kashe shi.

Ma'abota wannan ƙasa tun dā su ne Dukkawa, waɗanda suka shahara da baka da kibiya, da Kambari, waɗanda ba a ja da su a wajen garma, ga kuma Dakarkari maƙwabtansu ta wajen Zuru. A shekarar 1859 Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku ya ba ɗan'uwansa Umaru Nagwamatse sarautar Sarkin Sudan, shi kuwa ya kafa Kontagora bayan 'yan shekaru kaɗan, ya yi ta yaƙi har rasuwarsa a 1876, ɗansa Ibrahim ya ɗora daga 1880 har Turawa suka ci garin a farkon 1901. Cikin waɗannan shekaru arba'in da 'yan kai, hare-haren neman bayi sun sa zaman fili ya zama kasada, sabili da haka jama'a suka ƙara manne wa duwatsu irin na Dukku, suka takura nomansu a gindin dutse inda mai gadi zai hango ƙurar dawaki ya yi kururuwa, suka bar faffaɗan fili ga Mai shi. Ƙasar da ke samun ruwan sama wata biyar zuwa shida kuwa ba ta zama a banza. Gonar da aka bari shekara uku ta zama saura, wadda aka bari shekara ashirin ta zama daji, doka da maje da marke da ƙirya da madobiya suka rufe kunyoyin da kakanni suka yi, namun dawa suka biyo inuwa, ƙudan tsando kuma ya biyo namun.

A nan ne nake ganin ya wajaba mai tarihi ya yi adalci, domin dajin nan ni'ima ne da musiba a haɗe. Ya ba maharbi nama da fata da zuma, ya ba mata man kaɗe da kalwar daddawa, ya ba maƙeri gawayin ƙirya, ya ba mai magani saiwa da sassaƙe. Amma shi ne kuma matattarar tsando mai sa wa mutum ciwon barci, ya sa wa saniya da doki sammore, har ya kasance Bafillace ba ya yarda ya yi damina da garkensa a irin wannan wuri, sai dai ya zo da rani bayan an ƙone ciyawa, ya juya arewa da faɗuwar ruwan farko. A bakin rafuka masu gudu a kan duwatsu kuma akwai wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda wanda cizonsa ke zuba tsutsa a jiki, ta fara da ƙaiƙayi da kurajen fata, ta ƙare da makanta. Ƙasa mafi albarka ita ce ta bakin ruwa, ita ce kuma wadda mai nomanta kan wayi gari yaro na ja masa sanda tun bai tsufa ba. Wanda ya tsere wa wannan, ga kurkunu na jiransa a ruwan kududdufi, tana kwantar da magidanci daidai lokacin noman farko, lokacin da kwana goma na jinya ke daidai da rabin rumbu.

Da hare-hare suka ƙare, hukumar Turawa da ta gargajiya suka yi ta jan mutane su sauko fili, domin saukin mulki da karɓar haraji, su ma mutanen da kansu sun gaji da ƙuncin dutse. Saukowar ba ta zo rana ɗaya ba, ta ɗauki shekaru masu yawa, kuma tana nan rubuce a cikin sunayen garuruwa ga mai lura: Tungan Magajiya, Tungan Bunu, da sauran tungaye bila adadin, kowace tunga shaida ce cewa wani ya shiga daji da gatari ya yi sheƙa, ya kafa bukka, 'yan'uwa suka biyo shi. Malamanmu na fiƙihu suna da babi a kan wannan, wato raya matacciyar ƙasa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi talifi a kansa mai suna Ta'alimur Radi, inda aka bayyana yadda mutum ke mallakar ƙasa da sara da shuka da haƙa rijiya, aka kuma bayyana hurumin da ba a taɓawa domin maslahar jama'a. Rabin farko na wannan babi mun yi aiki da shi ƙwarai. Rabin na biyu ne muka yi wa riƙon sakainar kashi.

Tsarin noman wancan zamani yana da hikimarsa. Manomi ya noma wuri 'yan shekaru, in ya ga wuta-wuta ta fara yi wa dawa ja-in-ja ya san ƙasa ta gaji, sai ya bar ta ta huta ya matsa gaba, ba ya kuma sare kaɗanya ko ɗorawa ko da a tsakiyar kunya suke. Ƙarfin aikin kuwa na samari ne, ta hanyar gayya da kuma golmo, wato noman da saurayi da abokansa ke yi wa surukai shekara da shekaru, bakwai a al'adar Dakarkari, kafin a ba shi matarsa, Dukkawa ma suna da irin nasu. Iyakar gona ita ce iyakar abin da damtse zai iya, saboda haka daji yana samun sararin mayar da abin da aka ɗebe masa. Sheƙar ma ta yi amfanin da ba a nufa ba, gama tsando ba ya zama inda babu inuwa, da daji ya ja baya sai sammore ta yi sauƙi, Fulani suka fara yin damina a wuraren da iyayensu ke gudu.

Sa'an nan abubuwa biyu suka zo daga waje a kusan lokaci guda. Na farko madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara a 1964 aka gama a 1968, ta haifar da tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ta ta da mutum fiye da 40,000 daga tsohuwar Bussa da tsibiran Gungawa da ƙauyukan gaɓar Kwara har zuwa Yawuri. Rijau ba ta bakin tafkin, amma kifinta na kasuwa daga can yake zuwa, rafukan yankin kamar Malendo can suke zubewa. A shekarun farko kifi ya yi ambaliya, Sarkawa da masunta daga nesa suka cika gaɓa, daga baya kamu ya faɗi ƙwarai, aka koma ga taru mai ƙananan idanu wanda ba ya barin ko 'ya'yan kifi. A rafukan cikin ƙasa kuma, inda dā ake jiran rani a yi su na gayya a gurbi da homa da gora, wani lokaci a daka magimfa a zuba kifi ya bugu ya taso, sai aka sami masu zuba Gamalin, maganin ƙwarin gona, wanda ke kashe tarwaɗa da kwaɗo da duk abin da ke numfashi a gurbin, mutane kuma su ci kifin su sha ruwan.

Na biyu shi ne farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, wanda ya haɗu da annobar bushiya a shanu. Ƙasashen Sakkwato da Katsina da Jamhuriyar Nijar suka ƙone, talakawa da makiyaya suka gangaro kudu neman inda ruwa bai yanke ba, ƙasar Kontagora kuwa tana da fili, mutanenta kuma ba su san rowar ƙasa ba. Ba na zargin wanda yunwa ta koro, kuma baƙin nan sun kawo garmar shanu da kasuwanci da makarantun allo. Amma garmar shanu ba ta son kututture, tarakta ta fi ta ƙinsa, itacen da garmar hannu ke kewayewa sai aka tumɓuke shi. A ƙidayar 2006 an sami mutum 176,053 a ƙaramar hukumar Rijau. Da yawan baki ya ƙaru sai hutun gona ya gajarta har ya ɓace, takin zamani ya maye gurbin saura, maganin feshi ya maye gurbin gayya, har yaro matashi ya goya tulun feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, ya wanke shi a rafin da mata ke ɗiba. Injin yankan katako ya bi madaci da madobiya, musamman bayan 2010 lokacin da 'yan kasuwar Sin suka buɗe wa madobiyar Afirka ta Yamma baki, masu gawayi kuma suka bi sauran, har kaɗanyar da kakanni ke jin kunyar sarewa.

Ta fuskar lafiya an ci riba wadda ba mai musunta sai butulu. Asibitin da 'yan mishan suka kafa a Tungan Magajiya, wanda ya koma hannun gwamnati, ya daɗe yana karɓar marasa lafiyar yankin duka. Ƙwayar Mectizan, wadda aka fara bayarwa kyauta a 1987, ana rabonta ƙauye-ƙauye ana auna tsawon mutum da sanda, ta sa yaran yau ba su san layin makafin bakin rafi ba. Kurkunu kuwa an tabbatar da ƙarewarta a Nijeriya a 2013. Sai dai zazzaɓin sauro yana nan, zafin bazara ya ƙaru a garin da ba inuwa, sanƙarau na zuwa da ƙurar rani, rijiyar da dā ke kai wa damina yanzu tana ƙafewa tun watan Maris, rafin da aka aske wa gaɓa kuma ya cika da yashi, ya yi ambaliya a Agusta ya bushe a Disamba. Maharbin Badukke da kakansa ya tsaya gaban ɓauna, yau gafiya da zomo yake bi, wanda ke son ganin gwanki kuwa sai ya nufi gandun Zugurma ko na Borgu.

A 'yan shekarun nan kuma 'yan bindiga sun addabi ƙasar Kontagora da ta Zuru, ƙauyuka da dama sun watse, mutanen tungaye sun tattaru a Rijau da manyan garuruwa kamar yadda kakanninsu suka tattaru a kan dutse, gonakin nesa sun kwana shekara biyu, uku, ba a sa musu garma ba. Geza da sabara sun fara rufe kunyoyin, tohon doka na fitowa daga tsofaffin kututture, masu gonakin kuwa suna cikin gari suna auna dawa da mudu a kasuwa.