Takardar ƴanci da ƴancin zuciya: tambayar da ƙasar Adar ke yi wa tauhidin Kirista

A ranar 27 ga Oktoba 2008, kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta yanke hukunci cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare Hadijatu Mani daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. An sayar da ita a 1996, tana ƴar shekara 12, a kan sefa 240,000, aka kai ta gidan wani mutum a yankin Ƙonni a matsayin wahaya, wato mace ta biyar wadda ba sadaki ba ɗaurin aure, sai aikin gona da ɗiban ruwa da shimfiɗar maigida. Rahoton da ƙungiyar yaƙi da bauta ta Timidria ta fitar tare da Anti-Slavery International a 2012 ya sa Madawa da Buza, da Ƙonni da Illela, cikin wuraren da wannan al'ada ta fi ƙamari, ya kuma ambaci matan da ake sa wa munduwar tagulla mai nauyi a ƙafa don kowa ya san matsayinsu. Faransa ta hana cinikin bayi a yankunan da ta mallaka tun 1905, Nijar kuma ta mai da bauta laifi a 2003. A irin wannan ƙasa ne ya kamata a gwada tsohuwar koyarwar Kirista da ta bambanta ƴancin jiki da ƴancin ruhu. Ra'ayina shi ne koyarwar gaskiya ce, ƙasar Adar ta jihar Tawa ma na bukatarta, amma tana zama zalunci a bakin duk wanda ya yi wa'azinta domin a daina neman ƴancin jiki.

Abin da koyarwar ke cewa a taƙaice yake. A wasiƙarsa ga Galatiyawa, Manzo Bulus ya koyar cewa Almasihu ya kwance mai bi daga ikon zunubi da tsoron hukunci, sa'an nan ya gargaɗe shi kada ya mai da wannan kwancewa hujjar bin son zuciya. Martin Luther ya ɗora a kan haka cikin ɗan littafinsa na 1520 a kan ƴancin Kirista, inda ya nuna cewa a gaban Allah mai bangaskiya ba ya ƙarƙashin kowa, kuma saboda ƙauna yakan miƙa kansa ga hidimar kowa. Ke nan mutum na iya mallakar raƙumi da gona da izinin zuwa inda ya ga dama, alhali kwaɗayi da girman kai sun ɗaure shi tamau.

Tarihin Hadijatu kansa ya nuna inda doka take tsayawa. A 2005 mutumin ya ba ta takardar ƴantarwa, amma da ta tafi ta auri wanda take so, sai ya kai ƙara cewa matarsa ce, har aka yanke mata ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure. Takarda ta fita daga hannunsa, imanin cewa ita dukiyarsa ce bai fita daga zuciyarsa ba, kuma alƙalai sun saurare shi. A ɗaya gefen, masu fafutukar Timidria, wadda aka kafa a 1991, sun daɗe suna bayyana cewa babban abin da ke riƙe zuriyar bayi shi ne abin da aka cusa musu tun suna yara, cewa aljannarsu tana hannun ubangida, wanda ya gudu ba da yardarsa ba kuwa ya yi asarar lahira. Jandarma na iya ɗauko yarinya daga gida, amma ba shi da abin da zai ce da wannan tsoro. A nan maganar Bulus ga Korintiyawa take da ƙarfi, domin ya faɗa wa bayi cewa an riga an fanshe su da tsada, saboda haka babu ɗan Adam da ke riƙe da makomarsu a wurin Allah. Wanda ya gaskata haka ya rasa dalilin zama, kuma a wuri guda Bulus ya ce bawan da ya sami hanyar ƴanci ya yi amfani da ita.

Za a ce, kuma da hujja, wannan koyarwa ta sha zama maganin barci. Wasiƙun Sabon Alkawari sun umarci bayi da biyayya, masu gonakin auduga a kudancin ƙasar Amurka sun karanta wa bayinsu waɗannan ayoyi daga mumbari, Luther kansa ya goyi bayan sarakuna a kan manoman Jamus da suka yi tawaye a 1525 suna kafa hujja da ƴancin Kirista. Babu amfanin musun wannan. Amsata ita ce waɗanda suka yi haka sun yanke koyarwar rabi, sun ba bawa ƴancin ruhu sun keɓe ubangida daga sharaɗinsa. Da Bulus ya mayar da bawa Onisimus wurin ubangidansa Filimon, nauyin a kan Filimon ya ɗora shi, ya roƙe shi ya karɓi bawan a matsayin ɗan'uwa. Littafin Fitowa ya yanke hukuncin kisa ga wanda ya saci mutum ya sayar. A ƙarni na huɗu Gregori na Nisa ya yi wa'azi cewa babu kuɗin da zai sayi wanda aka halitta cikin kamannin Allah. Idan ubangida ya sami ƴancin zuciya da gaske, alamarsa ta farko ita ce hannunsa ya saki abin da ya riƙe.

Akwai wani haɗari da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma Keita ta ƙasar Adar ce ke nuna shi. Daga 1984, bayan fari, aikin raya karkara da Italiya ta ɗauki nauyinsa tare da hukumar FAO ya tara dubban ma'aikata a tuddan Keita, galibinsu mata, suna ɗauko duwatsu a ka suna jerawa don tare zaizayar ƙasa, suna haƙa ramukan dashen itatuwa, a biya su da kason abinci, yayin da maza suka tafi cin rani. Masaniyar tarihi Benedetta Rossi, a littafinta na 2015 a kan Adar, ta nuna cewa matalautan zuriyar bayi na cikin waɗanda suka fi dogara da wannan aiki, kuma wasu suna riƙe alaƙa da tsofaffin iyayengiji ne domin a shekarar yunwa nan ne kaɗai ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Mai wa'azin da ya dubi irin wannan mata ya ce zuciyarta ce a ɗaure ya yi mata ƙazafi. Lissafi ta yi, kuma lissafinta daidai ne muddin ba ta da gona da sunanta.

Saura masu cewa Kiristoci ƴan tsiraru ne a jihar Tawa, gwagwarmayar kuwa Musulmi ne suka ɗauke ta, suna da hujjojinsu daga addininsu. Gaskiya ne, kuma ikkilisiya ba ta da dalilin neman yabon da ba nata ba. Sai dai ƙarancin yawa bai sauke mata nauyi ba. Asibitin Galmi, da mishan ta SIM ta buɗe a 1950 a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, shaida ce cewa Kiristocin yankin sun daɗe da yarda cewa ciwon jiki ya shafi bishara, kuma mallakar mutum ta fi kowane ciwo taɓa jiki. Akwai kuma abin da ke hannun ikkilisiya kai tsaye, wanda kotu ba ta iya tilastawa. A Adar har yanzu ana binciken asali kafin a ba da aure, kuma ana hana saurayi mace saboda kakarsa baiwa ce. Dattijon ikkilisiya a Madawa ko Buza da ya ci jibin Ubangiji tare da irin wannan saurayi ranar Lahadi, idan iyayen yaron suka zo neman ƴarsa, tambayar da aka yi wa Filimon ce ta iso zaurensa.